Tambayoyi da Amsoshi Kan Yawon Buɗe Ido da Fita Shan Iska ga Iyalan Sojoji a Tsibirin Oahu na Hawai

Daga cikin mutanen Najeriya da Nijar da Gana da suka zauna a Amurka akwai waɗanda suka shiga aikin soja, kuma wasunsu kan sami canjin wurin aiki zuwa Oahu, tsibirin da birnin Honolulu yake, a tsakiyar tekun Pasifik. Tambayoyin da ke ƙasa su ne irin waɗanda sababbin zuwa da iyalansu da baƙinsu suka fi maimaitawa. Kuɗin shiga wurare da lokutan buɗewa suna canjawa, saboda haka a tabbatar da su kafin a fita daga gida.

1. A ina gidajen iyalan sojoji suke, kuma me ke kusa da kowane wuri?

Oahu ba babban tsibiri ba ne, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,545 ne, amma mutane kusan miliyan ɗaya ke zaune a kansa, kuma gidajen sojoji sun warwatsu a sassa uku. A kudu, kusa da filin jirgin sama, akwai haɗaɗɗen sansanin sojan ruwa da sojan sama na Pearl Harbor-Hickam, da Fort Shafter, da unguwar Aliamanu, da babban asibitin soja na Tripler wanda ake hangowa daga nesa saboda fentinsa ruwan hoda. Mazauna wannan yanki su ne suka fi kusa da Honolulu da Waikiki da wuraren tarihin yaƙi.

A tsakiyar tsibirin, kan tudu, kusa da garin Wahiawa, akwai barikin Schofield da filin jirgin Wheeler da unguwar Helemano. Wurin ya fi gaɓar teku sanyi da ruwan sama, kuma daga nan zuwa garin Haleiwa da ke gaɓar arewa tafiyar kusan minti ashirin ce ta cikin tsofaffin gonakin abarba da rake. A gabas kuma, bayan duwatsun Koolau, akwai sansanin dakarun Marine a bakin Kaneohe, maƙwabcin garin Kailua, inda rairayin bakin teku yake da laushi, ƙasa kuma kore shar duk shekara.

2. Yaya yanayin yake, kuma wane lokaci ya fi dacewa da fita?

Zafin rana a Honolulu yakan tsaya tsakanin digiri 27 da 32 a ma'aunin Salsiyas, don haka wanda ya san bazarar Sakkwato ko Maiduguri ba zai kira wannan zafi ba. Abin da ya kamata a fahimta shi ne iskar da ke kaɗawa daga arewa maso gabas mafi yawan shekara. Tana ɗauko danshi daga teku, ta ci karo da duwatsun Koolau, ta zubar da ruwanta a gefen gabas, sannan ta gangaro yamma a bushe. Shi ya sa ana iya tafka ruwa a Kaneohe alhali a Waianae rana ce tsaka, kuma idan hadari ya ɓata shirin fita a wani gefe, sau da yawa tuƙin rabin sa'a ya isa a sami sararin sama a wani gefen.

Ruwan sama ya fi yawa daga Nuwamba zuwa Maris, kuma a wannan lokaci ne manyan igiyoyin ruwa ke dukan gaɓar arewa da ta yamma, sai kudu ta lafa. Daga Mayu zuwa Satumba lamarin yakan juya: arewa ta kwanta, kudu ta ɗan tashi. Wannan juyi shi ne tushen amsoshin tambaya ta 6 da ta 7. Lokacin guguwar teku daga Yuni ne zuwa Nuwamba. Ana kuma gwada jiniyar gargaɗi a ranar aiki ta farko ta kowane wata da ƙarfe 11:45 na safe, kada sabon zuwa ya firgita. Amma idan ta yi kuka a wani lokaci dabam ana bakin ruwa, a bar gaɓa a nufi tudu, a kunna rediyo.

3. Ta ina sabon zuwa ya kamata ya fara?

Ya fara da ofishin walwala da nishaɗi na sansaninsa, wanda sojan ƙasa da na ruwa suke kira MWR, dakarun Marine kuma MCCS. A nan ake hayar tanti da ƙaramin kwalekwale da allon hawan igiyar ruwa da kayan kamun kifi a farashi mai sauƙi, a nan ake shirya darussan iyo da tafiye-tafiye tare da jagora, kuma akwai sashen sayar da tikitin wuraren shaƙatawa da rangwame. Ya kamata a leƙa wannan sashe kafin a sayi kowane tikiti a intanet. A waje ma, shaguna da gidajen tarihi da yawa suna yi wa sojoji da mazauna jihar ragi, sai dai ba kasafai suke faɗa ba sai an tambaya.

Shawara ta biyu ta fi ta farko nauyi: kada iyali su bar shingen bariki ya zama iyakar duniyarsu. Cikin sansani akwai kanti da makaranta da wurin wasan yara, har da bakin teku a Hickam da Kaneohe, kuma abu ne mai sauƙi shekara uku ta wuce mutum bai san tsibirin ba. Matan da ke zaune a gida da ƙananan yara su suka fi shiga wannan kaɗaici, ga nisa da dangi, ga bambancin lokaci na sa'a 11 tsakaninsu da Najeriya da Nijar. Fita ɗaya a mako, ko da zuwa lambun itatuwa na Wahiawa ko na Hoomaluhia da ke Kaneohe, waɗanda shigarsu kyauta ce, tana sauƙaƙa zaman ƙwarai.

4. Dole ne sai da mota?

Motocin bas na birni, TheBus, suna zagaya kusan ko'ina, kuma jirgin ƙasa na Skyline ya fara aiki a 2023, amma iyali mai yara da tabarma da kular abinci zai fi samun sauƙi da mota. Manyan hanyoyi uku ne: H-1 ta bi kudu, H-2 ta hau zuwa Schofield, H-3 kuma ta huda duwatsu daga yankin Pearl Harbor zuwa Kaneohe, kuma ita kanta abin kallo ce. Cunkoson safe da na yamma a H-1 yana da tsanani, hanyar gaɓar arewa kuma layi ɗaya ce kowane ɓangare. Fita da sassafe ita ce dabara, domin wurin ajiye mota a shahararrun wurare yakan cika kafin hantsi. Fasa motoci a bakin teku da mafarin hanyoyin dutse abu ne da ke faruwa, don haka kada a bar jaka ko waya ko kayan soja a inda za a gan su ta gilashi.

5. Wane bakin teku ya dace da yara da waɗanda ba su iya iyo ba?

A nemi wurin da wani abu ya tare igiyar ruwa, kuma akwai hasumiyar masu ceto. A Waikiki akwai sashen Kuhio wanda aka yi wa katanga a cikin ruwa. A Ala Moana murjani ya tare igiya, sai dai ƙasan ruwan yana zurfafa farat ɗaya bayan 'yan taku, don haka a riƙe yara a gefe. A yamma akwai tafkuna huɗu da aka haƙa a Ko Olina, da kuma Pokai Bay a Waianae, inda cibiyar hutun sojan ƙasa ta Pililaau take. Bakin tekun Hickam ma a kwance yake. Kailua da Bellows suna da kyau, amma idan iska ta yi ƙarfi takan koro wasu halittu masu shuɗin kumbo da dogon zare mai harbi.

A gaɓar kudu kuma, kwana 8 zuwa 10 bayan wata ya cika, wasu halittu masu kama da farar leda, su ma masu harbi, sukan shigo Waikiki da Ala Moana da Hanauma. Wanda ke bin lissafin watan Musulunci zai iya ƙiyasta su da kansa, domin abin yakan faɗo wajen 22 zuwa 25 ga wata. Masu ceto sukan kafa alama, kuma su ne za a nufa idan an harbi yaro.

6. Na iya iyo tun ina yaro a kogi da kududdufi. Me ya sa ake ta yi mini gargaɗi?

Saboda iyon kogi bai koya wa mutum halin wannan teku ba, kuma waɗanda suka fi shiga haɗari su ne samari masu ƙarfi da suka yarda da kansu. Oahu na tsakiyar teku ne, igiyar da ta taso daga guguwar da ke dubban kilomita nesa tana isowa da dukkan ƙarfinta. Tana kuma zuwa rukuni-rukuni: ruwa zai kwanta na minti goma ko fiye har mutum ya saki jiki, sai manya su biyo juna. Abin da ya dace shi ne a zauna a kan rairayi a kalli ruwan na ɗan lokaci kafin a shiga, a kuma je a tambayi mai ceto. Ba sa jin haushin tambaya, aikinsu ke nan, kuma sun fi son amsa ta da su shiga ciro mutum.

Haɗari iri uku ne suka fi yawa. Na farko igiyar da ke karyewa daidai kan rairayi, wadda ke ɗaga mutum ta buga shi da ka. Sandy Beach da ke kudu maso gabas ta yi ƙaurin suna wajen karya wuya da kafaɗa, haka ma Waimea a lokacin sanyi. Na biyu ruwan da ke komawa teku ta wata siririyar hanya yana jan mutum zuwa ciki. Wanda ya yi ƙoƙarin yin iyo kai-tsaye zuwa gaɓa zai gaji ya nutse. Sai dai ya natsu, ya yi iyo a gicciye, daidai da tsawon gaɓar, har ya fita daga jan, ko ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. Na uku duwatsun bakin ruwa, inda mutane ke tsayawa ɗaukar hoto. Duk dutsen da aka gani a jiƙe, igiya ta kai wurin ɗazu kuma za ta dawo. Mutanen tsibirin suna koya wa 'ya'yansu tun suna ƙanana kada su taɓa juya wa teku baya.

A lokacin sanyi a je gaɓar arewa domin kallo kawai. A Pipeline da Sunset da Waimea za a ga gwanayen hawan igiyar ruwa na duniya suna gangarowa daga igiyar da ta fi bene tsawo, ƙarar faɗuwarta kuma har a ƙirji ake jin ta. A tsaya bayan igiyar da masu ceto suka ɗaura. Idan zuciya ta yi wasu-wasi game da shiga ruwa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Mai son koyon hawan igiya kuma ya fara a Waikiki ko White Plains tare da malami, kamar yadda ofishin da aka ambata a tambaya ta 3 ke shiryawa.

7. A ina ake kallon kifaye a ƙarƙashin ruwa?

Wurin da ya fi shahara shi ne Hanauma Bay, tsohon bakin dutse mai aman wuta da teku ya cinye gefe ɗaya, wanda aka mai da wurin kare halittun ruwa a 1967. Ana rufe shi ranakun Litinin da Talata don ya huta, ana taƙaita yawan masu shiga, kuma kowa sai ya kalli ɗan gajeren bidiyo na ilimantarwa kafin ya sauka. Mazauna jihar da sojojin da ke aiki a Hawai ba sa biyan kuɗin shiga idan sun nuna katin shaida. A lokacin zafi Shark's Cove da ke arewa ma tana da kifaye masu yawa, amma a lokacin sanyi ba a kusantar ta.

Tabarau da bututun numfashi suna sa mutum ya ɗauka abin wasa ne, alhali a wannan harka ce baƙi da yawa ke nutsewa, sau da yawa a ruwa mai kwanciya kuma ba tare da ihu ba. Kada kowa ya shiga shi kaɗai, mai ciwon zuciya ko hawan jini ya tuntuɓi likita, wanda kuma ya ji numfashinsa na sarƙewa ya cire bututun ya fito nan take. Kada a taka murjani, domin halitta ce mai rai, kuma yankanta yana saurin ruruwa. Tun Janairun 2021 jihar ta hana sayar da man kariya daga rana mai sinadaran oxybenzone da octinoxate saboda illarsu ga murjani. Baƙar fata ma tana ƙuna a ranar Hawai, musamman a kafaɗa da bayan wuya.

8. Me doka ta ce game da kunkurun teku da sauran dabbobi?

Kallo daga nesa kawai. Kunkurun teku, wanda ake yawan gani yana shan hantsi a Laniakea da ke arewa, a ba shi tazarar mita 3. Akwai wata dabbar teku mai shayarwa, dangin sil, wadda babu irinta ko'ina sai Hawai kuma ta kusa ƙarewa. Idan an same ta tana barci a rairayi a ba ta mita 15, mai ɗa kuma mita 45. Dolfin da ke hutawa kusa da gaɓa da rana doka ta hana a matso su ƙasa da kimanin mita 45. Manyan dabbobin teku da ake kira whale suna zuwa daga Alaska su haihu tsakanin Disamba da Afrilu, kuma jirgi ko mai iyo ba ya kusantar su ƙasa da mita 90. Taɓa su ko tsokanar su laifi ne mai tara, ga soja kuma maganar takan kai ga kwamandansa.

9. Wace hanyar hawan dutse ta dace a fara da ita?

Hanyar hasumiyar Makapuu ita ce mafi sauƙi: shimfiɗaɗɗiya ce, kimanin kilomita 3 zuwa da dawowa, ana iya tura keken jariri, kuma daga samanta ake hango whale a lokacinsu. Sai Diamond Head, dutsen da ke bayan Waikiki mai tsawon mita 232, wanda sojoji suka sare hanyarsa a 1908 don tsaron gaɓa. Akwai matakala da wani ɗan rami mai duhu kafin a ɓullo saman. Tun 2022 wanda ba shi da katin shaidar jihar Hawai sai ya kama gurbi a intanet kafin ya je. Mazauna yankin Pearl Harbor suna da hanyar Aiea Loop a kusa, zagaye ne na kusan kilomita 8 a cikin inuwar itatuwa, sai dai akwai taɓo bayan ruwa. Mazauna Schofield kuma suna da Kolekole a cikin barikinsu, wadda ake buɗewa a wasu ranaku idan babu atisaye.

Mai neman gwada ƙarfi ya nufi Koko Crater, inda ake hawa kan tsohon layin dogo na zamanin yaƙin duniya na biyu, matakala 1,048 a miƙe babu inuwa. Kaena Point, can ƙuryar yamma, ba ta da hawa amma ita ma babu inuwa ko ruwan sha. Ladarta ita ce manyan tsuntsayen teku da ke sheƙa a ƙasa daga Nuwamba. Abin da ke kwantar da hankali shi ne babu macizai masu dafi a dazukan Oahu. Akwai dai sauro, da shanshani mai zafin cizo, da aladen daji da mafarauta ke bi da karnuka. Dutsen tsibirin yana marmashewa a hannu, don haka kada a dogara da shi ko da saiwar itace a bakin kwari.

10. Gaskiya ne akwai wuraren da aka haramta? Yaya batun wanka a mafaɗar ruwa?

Gaskiya ne. Matakalar Haiku, wadda sojan ruwa suka kafa a 1942 don tashar rediyo, a rufe take ga jama'a tun 1987, duk da hotunanta da ke yawo a intanet. Mafaɗar ruwa ta Sacred Falls kuma an rufe ta tun 1999, bayan duwatsu sun rufto sun kashe mutum takwas. Rundunoni ma sukan fitar da nasu jerin wuraren da suka hana sojojinsu zuwa, kuma ya kamata a nemi wannan jeri tun makon farko.

Mafaɗar ruwa ta Manoa, mai tsawon kimanin mita 45, ta kallo ce kawai. Inda aka tsara wanka shi ne kwarin Waimea, wanda ke da masu ceto da rigar kariya. Ruwan rafuka na iya ɗaukar cutar leptospirosis, wadda ke fitowa daga fitsarin ɓeraye da aladu ta shiga ta ciwo ko ido ko baki. Alamunta zazzaɓi ne da ciwon kai da ciwon jiki, kwanaki ko makonni bayan wankan. Mutuminmu zai yi saurin cewa zazzaɓin cizon sauro ne, alhali babu wannan cuta a Hawai. A je asibiti a gaya wa likita cewa an shiga rafi. Idan kuma aka ga ruwan rafi ya fara yin ja ko yana ƙaruwa, a hau tudu, domin ruwan da ya sauka a saman dutse yana iya isowa da ambaliya ko da babu ɗigo ɗaya a inda ake. Bayan ruwa mai yawa teku ma yakan gurɓace a bakin rafuka, a dakata sai ya washe.

11. Yaya ake ziyartar Pearl Harbor?

A safiyar 7 ga Disamba 1941 jiragen saman Japan suka kai hari nan, aka kashe Amurkawa 2,403, daga cikinsu 1,177 a jirgin ruwan yaƙi na Arizona kaɗai. Jirgin yana nan a nutse, mafi yawan mamatan suna cikinsa, kuma a 1962 aka gina farin dandali a kansa. Kwalekwalen sojan ruwa ke kai mutane. Idan aka leƙa ta gefen dandalin ana ganin tsatsar jirgin a ƙarƙashin ruwa da ɗigon mai da har yanzu ke tasowa yana bazuwa. Maƙabarta ce, a yi shiru, a kuma ja wa yara kunne tun kafin a hau. Shiga kyauta ne, amma gara a kama gurbi tun da wuri, kuma ba a shiga da jaka.

A tsibirin Ford da ke cikin Pearl Harbor akwai jirgin Missouri, wanda a kansa Japan ta sa hannun miƙa wuya a 2 ga Satumba 1945, da gidan tarihin jiragen sama, da wurin tunawa da mutum 429 na jirgin Oklahoma. Mai katin soja yana iya tuƙa motarsa ya haye gada, sauran jama'a kuma bas ke kai su. A Hickam har yanzu akwai ramukan harsashi na ranar harin a bangon ginin hedikwatar sojan sama, an bar su da gangan.

12. Me ya kamata a sani game da 'yan asalin tsibirin da wurarensu masu alfarma?

Hawai masarauta ce mai cin gashin kanta kafin ta zama jihar Amurka. Sarki Kamehameha na ɗaya ya ci Oahu da yaƙi a 1795, kuma a mahangar Nuuanu Pali ake ganin kwarin da aka yi karon ƙarshe. Sarki Kalakaua ya kammala fadar Iolani a 1882, aka sa mata wutar lantarki kafin fadar White House ta samu. A 1893 wasu 'yan kasuwa, tare da goyon bayan wakilin Amurka da sojojinta, suka hamɓarar da Sarauniya Liliuokalani, daga baya aka tsare ta a wani ɗaki na fadarta. Amurka ta haɗe tsibiran a 1898, suka zama jiha a 1959, a 1993 kuma majalisar Amurka ta nemi afuwa a hukumance. Wanda kakanninsa suka ga yadda Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba ya bukatar dogon bayani kan abin da mutanen nan ke ji. Ziyarar fadar da gidan tarihi na Bishop, wanda aka kafa a 1889, ta cancanci yini guda.

Batun filayen da soja ke amfani da su, irin su kwarin Makua, da malalar man jirgi daga rumbun man soja na Red Hill zuwa ruwan sha a 2021, har yanzu suna da zafi a zukatan mutane. Iyalin soja baƙi ne, kuma baƙo raɓa ne. Duk inda aka ga alamar da aka rubuta kapu, an hana shiga ke nan. Kada a hau ko a ɗauki dutse a tsofaffin wuraren ibada da ake kira heiau, ko a Kukaniloko da ke kusa da Wahiawa, inda matan sarakuna suke haihuwa a da. Kada a tare ƙofar gidan mutane da mota, a cire takalmi kafin shiga gida, a kira dattijo kawu ko inna kamar yadda su ma suke yi a harshensu na yau da kullum, kuma a kwashe shara kafin a tashi.

13. Akwai inda iyali za su kwana a waje da rahusa?

Akwai. Bellows da ke Waimanalo tana da ɗakuna da filin kafa tanti a bakin teku, Pililaau tana da ƙananan gidaje a Waianae, otal ɗin Hale Koa kuma, wanda na sojoji ne, yana cikin Waikiki kusa da gidan tarihin sojan ƙasa. Dukkansu sai an kama wuri watanni kafin lokaci. Babu jirgin ruwan fasinja daga Oahu zuwa sauran tsibiran, sai jirgin sama, tafiyar ƙasa da sa'a ɗaya. A babban tsibirin Hawai akwai masaukin soja na Kilauea a cikin gandun duwatsu masu aman wuta, kuma da dare akwai sanyi sosai, a tafi da rigar sanyi.

14. Ana bukatar lasisi don kamun kifi?

A ruwan daɗi, kamar tafkin Wilson da ke Wahiawa, ana bukata. A teku ƙa'idar ta bambanta tsakanin mazauni da baƙo, kuma akwai wuraren da aka hana kamu gaba ɗaya irin su Hanauma, da kifayen da ke da lokaci da girman da aka yarda a kama. Sansanoni ma suna da nasu izini. Kamu daga kan duwatsu na ƙarƙashin gargaɗin tambaya ta 6.

15. Yaya Musulmi zai yi da salla da abinci da sutura a wajen fita?

Akwai masallaci a unguwar Manoa, kusa da jami'ar Hawai, inda ake sallar Juma'a, kuma ofishin limaman sansani na iya taimakawa da wurin salla. Alƙibla daga Oahu ba gabas take ba kamar a gida. Tana arewa ne tare da ɗan karkata zuwa yamma, wajen digiri 337. Mafi yawan wuraren shaƙatawa na bakin teku suna da famfo da ciyawa, alwala da salla ba sa wuya. Ga sutura, rigunan iyo masu dogon hannu da dogon wando abu ne da kowa ke sawa saboda rana, don haka mace mai rufe jiki ba za ta zama abin kallo ba. Sai dai kada a shiga ruwa da zane ko dogon hijabi na auduga, domin suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa.

Abinci na bukatar lura, saboda naman alade ya shiga girkin tsibirin sosai. Curin shinkafa da yankan Spam da ake sayarwa a kowane kanti alade ne, haka naman kalua da ake gasawa a rami a bikin luau, haka laulau da ake naɗewa a ganye. Kifi kuwa ga shi nan a wadace, har da poke, ɗanyen kifi da aka yanka aka haɗa da kayan ɗanɗano, sai dai a tambaya ko an sa giyar girki a miyarsa. Poi gwaza ce da aka kirɓa ta yi laushi kamar kunu mai kauri. Mangwaro da gwanda da abarba da rogo duk ana samu a kasuwannin manoma da na Chinatown. Akwai kuma Shangri La kusa da Diamond Head, gidan da attajira Doris Duke ta gina a ƙarshen shekarun 1930 ta cika shi da kayan fasahar ƙasashen Musulmi daga Iran da Siriya da Maroko da Indiya, yanzu gidan tarihi ne da ake shiga da tikitin da aka saya tun da wuri.

16. Idan iyaye ko dangi sun zo daga gida, yaya za a shirya musu?

A fara da ofishin baƙi na ƙofar sansani makonni kafin zuwansu, domin wanda ba ɗan ƙasar Amurka ba binciken takardunsa ya fi ɗaukar lokaci, kuma mai gida ne ke ɗaukar nauyinsa muddin yana ciki. A gaya musu tun suna gida cewa kilishi da dambun nama da sauran kayan nama ba sa wuce jami'an kwastan na Amurka, kuma duk abincin da aka ɗauko, ko kuka ce ko daddawa, a bayyana shi a takarda. Hawai ma tana da nata binciken tsirrai, a shigowa da kuma fita.

Tafiyar takan ɗauki fiye da yini guda, ga juyewar dare da rana, saboda haka kwana biyun farko na hutu ne. Ga dattawa, zagaya tsibirin a mota ya fi hawan dutse: a bi H-3 zuwa Kaneohe, a tsaya a lambun Hoomaluhia, a bi gaɓar gabas zuwa Kahuku da Haleiwa, a dawo ta Wahiawa. Pearl Harbor da fadar Iolani, waɗanda aka yi bayani a tambaya ta 11 da ta 12, ba sa bukatar doguwar tafiyar ƙafa. Kuɗin asibiti a Amurka yana da tsada ƙwarai ga wanda ba ya cikin tsarin lafiyar soja, don haka a saya wa baƙi inshorar tafiya kafin su taso, su kuma zo da magungunansu na yau da kullum a cikin kwalayensu na asali tare da takardar likita.